Ciwon Damuwa: Cutar da Gwajin Jini Ba Ya Nunawa

  

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kemis da yamma a garin Minna ya san wasu koke-koke da ba sa ƙarewa. Wata ta ce tsakiyar kanta ke mata zafi. Wani ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, gabansa sai faɗuwa yake ba dalili. Wani ya ce wani abu ke masa yawo a jiki, yau a kafaɗa, gobe a ƙafa. Ba barci, ba cin abinci, ga kasala. Sai a ce taifod ce da maleriya, a haɗa magani, a yi allurai, a ƙara ruwa. Bayan sati uku mutum ya dawo jiya i yau, a ce to olsa ce. Ya sake dawowa, a ce jini ne ya hau. Kuɗi na ta zurarewa, mutum na ta ramewa. Wasunsu taifod ɗin ce da gaske, ba na musu. Amma akwai da yawa a cikinsu da ko an zuƙe jininsu kaf an kai ɗakin gwaji ba za a ga komai ba, domin abin da ke cin su ciwon damuwa ne mai tsanani, kuma shi ba a jini ake ganin sa ba. Da tambaya ake gano shi, tambayar kuwa ba a cika yin ta ba.

Likitoci ba da ka suke yanke cewa mutum yana da wannan ciwo ba, suna da ma'auni. Da farko akwai lokaci: sati biyu cur ko fiye, kusan kullum, kusan wuni zubur. Sannan dole a sami ɗaya daga cikin manyan alamu biyu, ko dai ƙuncin rai da ba ya yayewa, ko kuma mutum ya daina jin daɗin abubuwan da a da suke faranta masa. Ta biyun nan ita ce ta fi shige wa mutane duhu. Saurayin da ba a fara kallon ƙwallo a gidan kallo sai da shi, yanzu ko an ce ƙungiyarsa ta ɗauki kofi ko a jikinsa. Kakar da ba ta iya wuni ba ta goya jikanta ba, yanzu ana miƙo mata shi sai dai ta bi shi da ido. Ba fushi take da kowa ba, daɗin ne ya ɗauke mata ɗif.

A kan waɗannan sauran alamun ke taruwa. Barci ya lalace. Da yawa sukan farka tun wajen ƙarfe uku na dare, tun kafin kiran assalatu, su kwana ido biyu suna saƙa da warwara, kuma safiya ta fi musu kowane lokaci nauyi. Wasu kuma barcin ne ke musu yawa, su tashi ba su huta ba. Cin abinci ya ragu har tufafi su yi wa mutum yawa, ko kuwa ya ƙaru. Gajiya ba aikin fari ba na baƙi. Tafiya da magana su yi sanyi, ko mutum ya kasa zama wuri guda. Hankali ya ƙi tattaruwa, mai shago a kasuwar Kure ya kasa lissafin canji, mai salla ya rasa raka'a nawa ya yi, ɗalibin jami'a a Gidan Kwano ya karanta shafi ɗaya sau biyar bai riƙe komai ba. Sai ganin kai ba a bakin komai ba, da ɗora wa kai laifin abin da ba shi ya yi ba. Sai kuma tunanin mutuwa. Alamu tara ke nan. In biyar suka haɗu, da ɗaya daga cikin manyan biyun nan a ciki, har suka hana mutum sana'arsa ko hidimar gidansa, to magana ta wuce ɓacin rai, ta zama ta asibiti.

Na san wani zai ce, to wa ya rasa damuwa a ƙasar nan? Gaskiya ne, kuma mun san baƙin ciki, mun san yadda ake zama da shi. Muna zaman makoki, a yi uku, a yi bakwai, a yi arba'in. Mace ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Amma ku lura da zaman makoki da kyau. Baƙin cikin rashi zuwa yake yana lafawa. Ana tsaka da jimami sai wani ya tuno wani barkwanci na mamacin, a murmusa, a ce Allah ya jiƙansa. Mai makoki kewar mamacinsa yake. Mai ciwon damuwa kuwa kansa ya tsana, yana ganin shi ne nauyin da ya danne iyalinsa, yana ganin gobe ba za ta taɓa fin yau ba. Rashi yakan zama ƙofar da ciwon ke shigowa, shi ya sa matar da ta fita takaba da wata da watanni amma har yanzu ba ta iya tashi ta ɗora tukunya ta cancanci a duba ta. Sau da yawa kuma ciwon kan zo babu mutuwa, babu asara, babu wani abin da za a nuna a ce ga shi.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 280 ke fama da shi a duniya, kuma a duk inda aka sami maza biyu, akan sami mata kusan uku. A rahoton da ta fitar a 2017 ta sa Najeriya a kan mutum miliyan 7 da 'yan kai, wato kashi 3.9 cikin 100 na jama'ar ƙasa. Ta kuma ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu fiye da kashi 75 cikin 100 na masu ciwon ba sa samun magani ko kaɗan.

Akwai maganar da nake yawan ji a majalisa, wai wannan ciwon Turawa ne, ciwon waɗanda suka ƙoshi. Jama'a, wannan magana Turawan mulkin mallaka ne suka fara yin ta, kuma da raini suka yi ta. A 1953 wani likitan Ingila da ya yi aiki a Kenya, mai suna Carothers, ya rubuta littafi yana cewa da wuya baƙar fata ya kamu da irin wannan ciwo, wai don ba ya jin nauyin alhaki a zuciyarsa yadda Bature ke ji. Ɗan ƙasar nan ne ya tashi ya rushe wannan ƙarya, Farfesa Thomas Adeoye Lambo. A 1954 ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda ake sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da ɗan'uwansa mai jinya, maimakon a kulle su. Binciken da ya yi da abokan aikinsa na jami'ar Cornell ta Amurka, wanda ya fito a 1963, ya nuna alamun ciwon nan suna nan birjik a ƙauyukan Yarabawa. Daga baya Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2007 kuma Farfesa Oye Gureje na jami'ar Ibadan da abokansa suka wallafa bincike kan tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama a jihohi takwas, ciki har da maƙwabciyarmu Kwara, suka tarar kusan ɗaya cikin huɗu ya taɓa yin wannan ciwo a rayuwarsa. Waɗannan manoma ne da 'yan kasuwa da tsofaffin mata, ba masu ƙoshi ba.

In ma tarihi za a bi, malaman Musulunci sun riga Turawan na yau sanin sa. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, a ciki ya raba baƙin ciki mai sanannen dalili, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai ya hana shi walwala. Na biyun ya danganta shi da jiki, ya ce yana buƙatar maganin jiki tare da hira mai sanyaya zuciya. A Ƙairawan kuma, garin mai Risala ɗin nan da almajiranmu ke karantawa a zaure, wani likita mai suna Ishaƙ bin Imran ya rubuta littafi sukutum kan wannan ciwo fiye da shekara dubu da suka wuce.

Na kawo waɗannan ne saboda maganar da ta fi kowace yi wa marasa lafiyar nan illa, wato a ce musu raunin imani ne. Annabi Yaƙubu, alaihis salam, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiran ta. Nana A'isha takan sa a dama wa waɗanda aka yi wa rasuwa wani kunu na sha'ir don ya sassauta musu zuciya. 'Yan'uwanmu Kirista sun san labarin Annabi Iliya, da ya zauna ƙarƙashin itace a jeji ya roƙi Allah ya ɗauki ransa, aka fara ba shi abinci da ruwa, aka bar shi ya yi barci, kafin a ce masa komai. Ban ce waɗannan bayin Allah sun yi cutar da muke magana a kai ba, Allah ya tsare ni da faɗin haka. Abin da nake nunawa shi ne addinan da muke bi a garin nan ba su ɗauki nauyin zuciya a matsayin saɓo ba. Ku kuma duba abin da ke faruwa a zahiri. Ciwon nan shi ke kashe wa mutum jiki har tashi sallar asuba ya gagare shi, shi ke ɗauke masa natsuwar da yake samu a karatu ko a sujada, sannan ya juyo ya ce masa ai kai Allah ya yi fushi da kai. Yana cikin wannan hali sai yayansa ko malaminsa ya zo ya ce, "Ka yi sakaci da ibada ne." An tabbatar masa da ƙaryar da ciwon ke raɗa masa ke nan. Mai hawan jini yana addu'a yana shan ƙwayarsa, ba wanda ya ce ya rasa tawakkali. Haka ya kamata a bar wannan ma ya haɗa biyun.

Me ke kawo shi? Ba abu ɗaya ba ne. Akwai gado, binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna gado na ɗaukar kashi ɗaya bisa uku ko ɗan fiye na haɗarin. Akwai cututtukan jiki masu daɗewa, irin su suga da shanyewar ɓarin jiki da tarin fuka da ƙanjamau da sikila. Matsalar maƙoƙo da ƙarancin jini ma sukan yi kama da shi, shi ya sa likitan kirki zai duba jiki tukuna. Akwai kuma abin da rayuwa ta jibga wa mutum. Jiki yana da tsarin da ke tashi idan an shiga tashin hankali, zuciya ta buga, barci ya gudu, ci ya tsaya, har a fita daga haɗarin. In tashin hankalin ya ƙi ƙarewa, wata da watanni, a wasu mutane tsarin nan ba ya komawa ya kwanta.

To a nan ne nake so mu dubi jiharmu ta Neja. Ranar 17 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka shiga kwalejin kimiyya ta gwamnati da ke Kagara, suka kashe ɗalibi ɗaya, suka tafi da mutum 42. Ranar 30 ga Mayun wannan shekara suka kwashe yara fiye da 130 daga Islamiyyar Salihu Tanko a Tegina, wasunsu ƙanana ƙwarai, suka yi kusan wata uku a daji. A watan Afrilun 2021 dai mutanen ƙauyukan Shiroro da Munya suka cika makarantar firamare ta IBB a nan cikin Minna, da tabarmi da ƙullin kaya. A Janairun 2025 tankar mai ta yi bindiga a mahaɗar Dikko, mutum fiye da 80 suka ƙone. A ƙarshen Mayun 2025 ruwa ya ci Mokwa, aka ƙirga gawa fiye da 150. Duk lokacin da irin wannan ta faru mukan ƙirga mamata, mu ƙirga gidaje, mu ƙirga buhunan shinkafa da katifun da aka raba, kuma duk wajibi ne. Amma wa ya koma Tegina bayan shekara ya tambayi iyayen yaran nan ko suna barci? Wa ya zauna da magidancin da ke gudun hijira a Gwada ko Kuta, mutumin da a da doyarsa ake lodawa a mota, yau yana layin karɓar mudun masara a gaban 'ya'yansa? In ya daina magana, ya daina fita, sai a ce Baba ya yi sanyi, duniya ce. Wataƙila duniya ce. Wataƙila kuma ciwo ne da magani zai ɗaga.

Ga kuma matsin yau da kullum. Ba mu manta ranar 5 ga Fabrairun 2024 ba, da mata suka tare hanya a Kpakungu saboda tsadar abinci. Matar da kullum take kwana da lissafin abin da za ta ɗora gobe, da ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa kafin goma ga wata, da matashin da ya gama jami'a shekara huɗu yana tuƙa Keke Napep na wani, duk suna cikin haɗari fiye da wanda hankalinsa ke kwance. Sai dai kada a ɗauka kowane talaka mai ciwon ne, ko kowane mai kuɗi ya tsira. Yawancin mutanenmu suna ɗaukar wahalar da ta fi ƙarfin misali kuma su miƙe. Ciwon kuma yana shiga gidan bene a GRA kamar yadda yake shiga ɗakin haya a Sauka ka Huta.

Bari in ɗan tsaya kan masu jego, domin a nan ne al'adarmu ta yi kyau kuma ta bar giɓi. Muna kula da jikin mai jego ƙwarai: wankan ruwan zafi safe da yamma, kunu, nama, hutun kwana arba'in, wata ma a kai ta gidan iyayenta. Zuciyarta ce ba mai tambaya. 'Yar kukan da sauyin rai na kwanakin farko ba abin tsoro ba ne, yakan wuce cikin sati biyu. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mace ɗaya cikin goma na shiga ciwon damuwa a lokacin ciki ko bayan haihuwa. Yarinya ta haihu lafiya, an yi suna, an watse, ita kuwa tana kallon jaririn ba ta jin komai, ko tana jin tsoron ba za ta iya riƙe shi ba. Wa za ta gaya wa? In ta buɗe baki za a ce Allah ya ba ki ɗa kina butulci, wasu shekara goma suna nema. Sai ta yi gum. Hajiya uwar miji, Inna mai wankan jego, ku ne kuke ɗakin da ita dare da rana. In kun ga ba ta ci, ba ta barci ko da jaririn ya yi barci, tana kuka a ɓoye, kada ku fara da faɗa. Ranar da za a kai yaro rigakafi, a gaya wa ma'aikaciyar asibiti halin da uwar ke ciki.

Maza kuma ta wata fuskar yake fito musu. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma namijin da aka raine shi a kan cewa kuka na mata ne ya iya ɓoye fuskarsa. Nasa yakan fito a saurin fushi, tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ƙaurace wa majalisa, ko neman abin da zai kashe masa tunani. Tun da gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018 ake ta maganar shaye-shaye, kuma daidai ne a yi. Amma cikin matasan da ke haɗiyar tiramol, da matan aure da ke shan maganin barci a ɗaka, akwai waɗanda ciwo suke ƙoƙarin dannewa da abin da hannunsu ya kai gare shi. A raba su da ƙwaya a bar su da ciwon, za su koma. Tsofaffi kuwa komai nasu sai a ce tsufa ne. Minna gari ne na ma'aikatan gwamnati. Dattijon da ya yi shekara 35 yana fita ofis, ya ajiye aiki, ya wayi gari ba mai neman sa, in ya rame ya yi shiru cikin shekara guda a duba shi, kada a ce shekaru ne kawai.

Yanzu ga magana mai nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Mutum fiye da 700,000 ke kashe kansu duk shekara a duniya, kuma ciwon damuwa na cikin manyan dalilai. Mun san hukuncin wannan a addini, ba shi nake taɓawa ba. Wanda ke raye a gabanmu nake magana a kai. In ɗan'uwanka ya fara cewa "da ma in huta," ko "kun kusa rabuwa da wahalata," ko ya fara rarraba kayansa yana neman gafara ba tafiya ba ciwon ajali, kada ka ce wasa yake, kada ka ce neman a kula shi yake. Tambaye shi kai tsaye, cikin taushi: "Kana tunanin hallaka kanka ne?" Likitoci sun tabbatar tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi yake ji an ba shi ƙofar magana. In ya amsa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magungunan feshi da na ƙwari da duk wani abu mai haɗari daga gidan, a kai shi asibiti a ranar, ba gobe ba.

Ciwon nan yana jin magani, kuma wannan ita ce maganar da nake so ta fi kowace zama a kunnenku. In bai yi tsanani ba, zama da ƙwararre a tattauna yakan isa: a warware matsalolin ɗaya bayan ɗaya, a gyara yadda mutum ke fassara abin da ya same shi, a mayar da shi kan ƙananan ayyukan da ya bari ko da bai ji sha'awarsu ba tukuna. In ya yi tsanani sai a haɗa da ƙwayoyi, kuma akwai masu sauƙin kuɗi da suka daɗe a asibitocin ƙasar nan. Ba sa bugarwa, ba irin tiramol ba ne, ba kuma maganin barcin da ake saya a kemis ba ne. Sai dai suna da sharaɗi. Ba sa aiki a kwana biyu. Sukan ɗauki sati biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, kafin a ji sauƙi, alhali bushewar baki ko jiri ko tashin zuciya kan riga sauƙin zuwa. A nan mutane da yawa ke jefar da su su ce ba su karɓe su ba. In an ji sauƙi kuma ba a dainawa nan take, akan ci gaba aƙalla wata shida, kuma likita ne zai janye su a hankali, domin kusan rabin waɗanda suka yi ciwon sau ɗaya yakan dawo musu. Mai ciki da mai shayarwa su faɗa wa likita. Wanda kuma ya taɓa shiga wani yanayi na akasin haka, kwana da kwanaki ba barci ba gajiya, surutu ba tsayawa, kashe kuɗi ba lissafi, lallai a faɗa, domin wannan wata cuta ce daban kuma maganinta daban.

Ba sai an fara da asibitin ƙwaƙwalwa ba. A je Babban Asibitin Minna, ko asibitin ƙwararru na IBB da ke Chanchaga, ko asibitin tarayya na Bida, ko asibitin da ya fi kusa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a faɗa wa likita duka. Bayan ciwon kai da nauyin ƙirji, a ƙara da cewa, "Likita, wata biyu ke nan raina ba daɗi, ba abin da ke burge ni, ba na barci." In abin ya fi ƙarfinsa zai tura ka gaba, ko asibitin koyarwa na Gwagwalada, ko na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Na san tsoron da ke hana mutane: kada a ce gidan wane akwai taɓin hankali, a fasa auren 'ya'yansu. Wannan tsoron ne ke sa a ɓoye mara lafiya a ƙuryar ɗaki, ko a kai shi inda ba a sani ba. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, mutum fiye da 300 a gida guda, wasu da mari a ƙafa, da sunan gyaran hali. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Ku kuma 'yan gida, ku sani mai wannan ciwo kamar wanda aka ɗora wa buhun masara ne a ka aka ce ya taka daga Bosso zuwa Chanchaga, buhun da ba mai ganin sa sai shi. Tambayar "me ka rasa?" da "wasu ma sun fi ka shiga uku" ba sa rage masa ko tsaba ɗaya. Haƙurin da kuke ba shi yana yin sa tun kafin ku ce. Abin da ke taimako ƙarami ne kuma sai an maimaita. "Yaya, kwana biyu ban gan ka a majalisa ba, zo mu taka zuwa masallaci tare." "Inna, gobe zan raka ki asibiti, in kin gaji da magana ni zan yi miki bayani." A zauna kusa da shi ko ba a ce komai ba. A tuna masa da maganinsa da ranar komawa wurin likita. In ya ƙi fita yau, a sake zuwa gobe ba tare da gori ba.

Saura hukuma. Tun daga dokar Turawa ta 1916 da wadda ta gaje ta a 1958, ƙasar nan ta daɗe tana kallon mai larurar ƙwaƙwalwa a matsayin wanda za a tsare. Sai a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta ba mara lafiya haƙƙin a yi masa magani da mutunci. Amma likitocin wannan fanni a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, kuma yawancinsu suna manyan birane. Jihar Neja ta fi kowace jiha faɗin ƙasa, murabba'in kilomita fiye da 76,000, ƙananan hukumomi 25, mazaɓu 274. Ba za a ce wa matar da ke Rijau ko Agwara ta zo Minna duk wata ganin ƙwararre ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da nas-nas da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane ciwon su fara maganinsa. A Zimbabwe wani likita, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata suna zama a benci a harabar asibitocin Harare suna sauraron masu damuwa, zama shida kowane mutum. Da aka auna aikin a binciken da ya fito a 2016, bayan wata shida kusan 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun ciwon, alhali a waɗanda ba su zauna ba kusan rabi ne. Mu muna da waɗannan mata. A garin nan aka kafa FOMWAN a 1985, Hajiya Aisha Lemu ta zama shugabarta ta farko. Ga Zumuntar Mata a majami'u. Ga ungozomomi da malaman Islamiyya a kowace unguwa. Horo suke buƙata, da asibitin mazaɓa mai magani a kanta wanda za su tura wanda ya fi ƙarfinsu, da kuma a sa tambayar halin zuciya cikin tambayoyin awon ciki da na rigakafi.

Akwai kuma gyaran da ba ya cin ko kwabo. Kundin Final Kod da jihohin Arewa suka gada tun 1960, a sashe na 231, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Saboda tsoron 'yan sanda iyali kan ɓoye wanda ya yi yunƙurin, su yi ta ba shi manja da madara a gida maimakon su garzaya asibiti, kuma a wannan jinkirin ake rasa rai. Ghana ta cire irin wannan hukunci daga dokarta a 2023. Dokar laifuffuka ta jiha a hannun Majalisar Dokokin Jihar Neja take, kuma kowannenmu yana da wakili a cikinta da zai iya tambaya.